Fatar Gwaji

Hanci ya tura kwalbar Mai Jaka baya da yatsa ɗaya, ya ce man gauraye ne.

Bayan la'asar ne, a ƙofar shago, mutane na zazzaune. Shekara talatin da ɗaya Mai Jaka yana kawo man ud, wanda ake tatsa daga itacen turare mai tsada, layin masu turare, sau biyu a shekara, daga can ƙasar da itacen ke tsirowa. Ba a taɓa mayar masa da kwalba ba. Ya dubi kwalbar, ya dubi yatsan da ya turo ta.

"Malam, da idona na ga an jiƙa itacen nan. Da idona na ga man yana ɗiga daga tukunya."

"Akwai kafur a ciki," in ji Hanci. "Akwai maiƙon basilin."

"Wallahi babu."

"Ban ce kai ka zuba ba. Na ce akwai."

Hanci ba ya maimaita magana. Tsoho ne dogo, busasshe, shekara saba'in, kuma tun yana saurayi aka daina kiransa da sunansa na yanka. Shagunan turare tara ne a layin. Abin da Hanci ya jawo gabansa, sauran takwas rububinsa suke yi. Abin da ya tura baya, ko kyauta ba mai karɓa. Mai Jaka ya san haka. Ya naɗe kwalbarsa a tsumma, ya sa a jaka, ya yi sallama da murya ƙasa-ƙasa, ya tafi.

A kan benci, cikin shagon, ƙanen Hanci na zaune da hannayen riga a naɗe har kafaɗa. Damtse ake ce masa. Duk layin shi kaɗai ya san inda kafur ɗin nan ya fito, kuma ya yi gum da bakinsa.

Ga yadda aikinsu yake. Man ud na gaskiya ba a gane shi da shaƙa ɗaya. Farkon buɗe kwalba wari yake yi, kamar garken awaki bayan ruwan sama, wanda bai sani ba sai ya kau da kai. Na jabu shi ne mai daɗi tun farko, kafin azahar ya gudu ya bar mutum da maiƙo. Na gaskiya sai ya sami fata mai ɗumi ya kwanta, ya yi ta sauyawa a hankali har faɗuwar rana. Hanci yana ɗiga shi a farar takarda ya ɗaga sama ya duba, yana ɗiga shi a kofin ruwa, yana murza shi tsakanin yatsu ya ga danƙonsa. Amma yakan ce takarda da ruwa ƙaramin macuci kawai suke kamawa. Babba sai fata.

To, Allah ya ba Hanci hanci, ya hana shi fata. Duk man da ya taɓa jikinsa, kafin sa'a guda ya yi tsami. Mahaifinsu ne ya gano cewa fatar ƙaramin ba ta ƙara wa mai komai, ba ta rage masa komai. Tun daga ranar, yana da shekara goma sha tara, aka zaunar da shi a bencin nan. A damtsen dama ake ɗiga sabon mai, a na hagu kuma tsohon man mahaifinsu da ake gwada kowane mai da shi. Sama da gwiwar hannu ake sawa, inda ruwan alwala ba ya kaiwa. Sai ya zauna. Kowace sa'a yayansa ya sunkuyo ya shinshina dama, ya shinshina hagu.

Mutane na ganin zama ne kawai. Damtse ya san abin da zaman ya ci masa. Shekara arba'in da huɗu bai ci albasa ba, bai ci tafarnuwa ba, bai yi wanka da sabulu mai ƙamshi ba. A shagon turare ya tsufa, amma ko ranar aurensa bai shafa turare ba. Kuma yana alfahari da haka. In tela na shagon kusa ya tsokane shi da cewa ga mai aikin shanya hannu, sai ya ce, "Shanya naka mu gani, in ba ƙudaje za su taru ba."

Da damina ta wuce, sai kafaɗarsa ta dama ta fara ciwo. Ciwon da ke hana barci, ke hana ɗaga buta. Matarsa ta sayo ɗan gwangwanin man zafi a kemis, tana shafa masa bayan magariba. Ya sami sauƙi. Bai gaya wa yayansa ba. In lokacin zuwan mai ya kusa, na Mai Jaka ko na wani, sai ya daina shafawa mako guda kafin nan, ya ciji leɓe ya jure, fata ta wanke. Sau uku yana yin haka, babu wanda ya sani. Wannan karon Mai Jaka ya riga lokacinsa da kwana goma, ba sanarwa. Da Damtse ya ji labari da asuba, ya dirje hannun da farin sabulu sau uku har ya yi ja. Ya shinshina, bai ji komai ba. Ya manta cewa ba hancinsa ne zai yi aikin ba.

Abin da ya rufe masa baki kuwa a fili yake. Ya san yayansa. Fatar da ta fara shan magani ta tashi daga aiki, za a nemi wata. Shi kuma a shekara sittin da uku bai iya awo ba, bai iya ciniki ba, bai iya rarrabe ƙamshi ba. Zaman nan shi ne abin da ya iya.

Da magariba ya isa gida, ya zauna a tsakar gida bai cire hula ba. Matarsa ta fito da gwangwani a hannu.

"Miƙo kafaɗar."

"Bari yau."

"Ta warke ne?"

"Ba ta warke ba."

Ya gaya mata komai. Ta fara dariya, ta rufe baki da gefen mayafi, sai kuma dariyar ta tsaya.

"To, Malam, kafaɗarka ta kashe wa bawan Allah kasuwa."

"Ke kika shafa."

"Ni na shafa, kai ka yi shiru. Ɗora su a sikelin Yaya ka ga wanne ya fi nauyi."

"In na faɗa sallamata zai yi."

"Sai ka dawo gida ka ci albasa. Shekara arba'in ina maka miya kamar ta majinyaci. Ƙannena in za su zo gidan nan sai sun ci abinci a hanya."

"Wasa kike yi da maganar."

"Ba wasa nake ba. Mai Jakan nan, da autarmu ta yi zazzaɓi, shi ya ɗauke ta a kafaɗa har asibiti, kai kana zaune da mai a hannu an hana ka motsi. Ka manta?"

Bai manta ba. Ta ajiye masa gwangwanin a cinya ta koma kicin, tana cewa tunda ba za a shafa ba, ya riƙe abinsa ya yi ta kallo.

Da safe ya sa gwangwanin a aljihu ya tafi shago. Ya share, ya goge kanta, ya jera kwalabe. Sau biyu ya buɗe baki, sau biyu abin da ya fito shi ne, "Yaya, a kawo shayi?" Hanci ya ce wanda aka kawo bai huce ba tukuna.

Tela ya leƙo da tef a wuya. Gajere ne mai tumbi, ba labarin da ke wucewa ta layin bai biya ta kunnensa ba.

"Kun ji mutuminku? Jiya shago takwas ya zaga, ko murfin kwalba ba wanda ya buɗe. Motar ƙarfe goma zai bi. Ya ce ya yi zuwan ƙarshe."

Hanci bai ɗago ba.

"Abin da ya ba ni tausayi," tela ya ci gaba, "bai ma yi musu ba. Ya ce tunda Hanci ya ce akwai, to akwai, idonsa ne ya yaudare shi. Ya ce mabuɗin ɗakin tukunya a hannun mutum ɗaya yake, ƙanensa. Wai yana isa gida zai karɓe mabuɗin, su raba hanya."

Damtse ya tsaya da tsumman goge kanta a hannu. Bai taɓa ganin ƙanen Mai Jaka ba. Amma ya san irinsa. Wani ne can da ya tsufa a gaban wuta yana gadin ɗigon mai, yayansa na yawo da jaka ana gaishe shi. Yanzu yana can yana hura wuta, bai san abin da ke tafe a mota ba.

Ya sa hannu a aljihu, ya ciro gwangwanin, ya ɗora a kan kanta.

Hanci bai taɓa shi ba. Bai ko buɗe ba. Hancinsa ya motsa sau ɗaya.

"Na wane ne?"

"Nawa ne, Yaya."

"Ina?"

"Kafaɗar dama."

"Tun yaushe?"

"Wata takwas."

Damtse ya sunkuyar da kai yana jiran abin da ya sani zai zo. Tela ya maƙale a bakin ƙofa, ya kasa shiga ya kasa fita.

"Wata takwas kana ciwo," in ji Hanci, "ina zaune kamu uku da kai."

"Ban so ka sani ba."

Tela ya kasa haƙuri. "Amma Malam, wata takwas man zafi na shiga shagon nan yana fita, hancin da ake ji da shi bai ji ba?"

"Na ji. Na zaci daga shagonka ne. Komai na fitowa daga shagonka."

Ya miƙe, ya ɗauki sandarsa, ya dubi agogon bango. Goma saura kwata.

"Rufe shago, yaro."

Yaron ɗan shekara sittin da uku ya rufe shago. Masu turare suka firfito ƙofa suna kallo, don ba su taɓa ganin ƙofar nan a rufe da hantsi ba, ba su kuma taɓa sanin Hanci na da sauri haka ba. Sanda na gaba, shi na biye, Damtse na haki a baya, tela na bayansu da tef a wuya, wai shi mai shaida ne.

Sun sami motar ta cika, direba ya tayar da inji. Mai Jaka na gefen taga, ya rungume jakarsa a ƙirji. Hanci ya ƙwanƙwasa gilashin da kan sanda.

"Sauko."

Mai Jaka ya zuge gilashin. "In yi me, Malam? Ka gama magana jiya."

"Gwajin bai yi ba. Fatar ce ta yi ƙarya. Yaro, gaya masa."

Damtse ya gaya masa, a tsaye a gefen mota, fasinjoji na saurare. Ya faɗi kafaɗa, ya faɗi kemis, ya faɗi sabulu sau uku. Ya ce, "Ƙanenka bai yi komai ba. Ni ne. Ka yafe mini."

Mai Jaka ya zuba masa ido. Leɓensa ya fara rawa, Damtse ya zaci zagi ne ke zuwa. Sai mutumin ya kifa kai a kan jakarsa ya yi ta dariya, kafaɗunsa na girgiza, har hawaye.

"Man zafi," yake cewa. "Jiya ko ruwa ban iya haɗiya ba. Na shirya wa ƙanena maganganun da ko kare ba za a gaya wa ba. Ashe man zafi ne."

Direba ya danna ham. Wata mata a baya ta ce, "Baba, ko ka sauka ko ka zauna, mu ba mu sha man zafi ba."

Mai Jaka ya share ido. "Zan sauka. Amma a ƙofar shago aka ɓata ni, gaban mutane. A nan za a gyara."

"A nan za a gyara," in ji Hanci.

Da suka dawo sai aka ga aikin ba sauƙi. Damtsen dama ya ɓaci, sai ya kwana bakwai ba magani. Na hagu kuma man mahaifinsu na kwance a kai tun jiya, kuma man kirki ba ya barin fata ƙasa da kwana uku, ba a ɗora wani a kansa. Mai Jaka ya ce ba zai iya zaman mako guda yana bin bango kamar ɓarawo ba. Yau yake so.

Tela ya naɗe hannun riga ya miƙo damtse mai kauri. "Ga fata, sabuwa fil, ba a taɓa aiki da ita ba."

Hanci ya sunkuya kaɗan, ya ja da baya. "Albasa. Man keken ɗinki. Da sabulun matarka."

"Sabulun nawa ne."

"To ka daina."

Masu turare biyu suka miƙo nasu. Hanci ko dubawa bai yi ba, ya ce fatar da ta sha turare iri ɗari ba ta san gaskiya ba. Ta Mai Jaka ba ta halatta, mai kaya ba ya shaidar kayansa. Ta Hanci kuwa kowa ya san halinta.

Ana cikin haka matar Damtse ta iso da kwanon abinci. Ba ta saba kawowa da kanta ba. Ta zo ne ta ga ko mijinta ya yi magana ko ya sake haɗiye ta. Ta ga gwangwani a kan kanta, ta ga Mai Jaka a zaune, ta gane. Ta rusuna ta gaida yayan mijinta, ta tsaya gefe tana jin mahawarar.

"Yaya, a gafarce ni, in sa baki?"

"Sa."

"Ai mutum ba hannu ne kaɗai ba. Fatar da ke damtsensa ita ce a ƙwaurinsa. Kuma ƙafarsa ban taɓa shafa mata komai ba. Ko da ya roƙa."

Mai Jaka ya fara murmushi. Hanci ya daɗe yana kallon ƙafar ƙanensa.

"Naɗe wando."

Damtse ya naɗe wando zuwa gwiwa. Ƙwaurin siriri ne, fari-fari, bai ga rana ba tun yana yaro. Aka wanke da ruwa zalla, aka bari ya bushe. Hanci ya tsoma tsinken gilashi a kwalbar, ya ɗiga ɗigo ɗaya a bayan ƙwaurin, nesa da idon sawu. Man ya fito baƙi-baƙi, mai kauri, ya tsaya inda aka sa shi bai gangara ba.

Saura shinshinawa. Aka ce Damtse ya ɗora ƙafar a kan kanta. Ya gwada, ƙugu ya ƙi. Aka kawo kujera, ya ɗora, duk da haka ƙwaurin bai wuce cinyar Hanci ba. Ba yadda za a yi hanci ya kai wurin sai mai shi ya kai ƙasa.

Hanci ya dubi titi. Masu turare takwas na tsaye. Mai kemis ya tsallako. Keken tela ya yi shiru tun safe.

"Yaya, mu shiga ciki," in ji Damtse a hankali. "Mu saki labule."

"A ƙofa na faɗa. A kawo tabarma."

Aka shimfiɗa tabarma. Hanci ya jingina sandarsa, ya tattara rigarsa, ya durƙusa a gaban ƙanensa. Gwiwoyinsa suka yi ƙara kamar ana karya itace. Damtse ya ja hula ya rufe fuska.

Hanci ya shaƙa, ya ɗago. "Garke."

Mai Jaka ya gyaɗa kai. Haka ya kamata ya fara.

Bayan sa'a guda ya sake durƙusawa. "Tsohuwar fata." Ya tashi ya shinshina damtsen hagu, ya koma kujerarsa. Aka yi azahar, Damtse ya yi alwala tela na riƙe masa da wando kada ruwa ya fallatsa, yana ta yi masa faɗa kamar uwa. A durƙuso na uku Hanci ya ce, "Ƙasa, bayan an yi ruwa."

Zuwa lokacin Damtse ya cire hula daga fuska. Ya lura duniya ba ta tashi ba. Ya kuma lura, karo na farko a rayuwarsa, cewa tsakiyar kan yayansa ya yi sanƙo, ɗan zagaye kamar bakin kofi. Shekara sittin da uku yana kallon mutumin nan daga ƙasa. Ya gyara zama. Matarsa ta zuba masa abinci, ya ci da ƙafa a miƙe a kan kujera, mutane na wucewa suna yi masa sannu da aiki.

Da ƙarfe biyu ta yi, Hanci na can yana auna wa wata mata turare. Damtse ya dubi agogo, ya yi gyaran murya.

"Yaya, lokaci ya yi."

Layin gaba ɗaya ya fashe da dariya. Hanci ya juyo ya yi masa kallon da in da ne sai ya nemi wurin ɓuya. Ya sallami matar, ya zo ya durƙusa. Da zai tashi sai da ya dafa benci, ya yi nishi.

"Akwai magani a kan kanta," in ji Damtse, can ƙasan maƙoshi. "Yana aiki."

"Rufe mini baki."

"Me ka ji, Malam?" in ji Mai Jaka.

"Itace. Da ɗan hayaƙi."

Jiya a daidai wannan lokacin ne kafur ya fara leƙowa, lokacin da warin farko ya kwanta. Mai Jaka ya san haka, dariyarsa ta ɗauke. Ya zauna a bakin tabarma ya ƙura wa ƙwaurin ido kamar zai yi magana. Damtse ma ya shafa aljihunsa. In aka sake jin wani abu, to ba shi da sauran gwangwanin da zai ciro.

Bayan la'asar Hanci ya durƙusa, ya daɗe. "Zuma," ya ce. Ya dafa benci ya miƙe.

Rana ta yi ƙasa, inuwar shagunan ta tsallake titi. Ba wanda ya tafi. Hanci ya durƙusa na bakwai. Wannan karon ya rufe ido. Ya shaƙa, ya saki, ya sake shaƙa. Damtse na jin numfashin yayansa a fatarsa, a hankali, kamar na mai barci. Sai ƙamshin ya taso har inda yake zaune, shi da ba shi da hanci. Wani abu ne mai sanyi da zaƙi, kamar an buɗe tsohon akwatin katako da aka daɗe da rufewa.

Hanci ya buɗe ido. Ya miƙa hannu, Mai Jaka ya kama shi ya tashe shi. Ya je kanta inda kwalbar take, ya sa tafin hannu gaba ɗaya ya jawo ta gabansa.

"Babu kafur. Babu basilin. Ba a taɓa shi da komai ba. Shekara goma rabona da irinsa." Ya juyo wajen mutane. "Jiya na yi kuskure."

Tela ya kama kunne. "Malam, mota ta wuce, ban ji na ƙarshen ba."

Ba motar da ta wuce. Kowa ya jira. Hanci ya dubi tela, ya dubi Mai Jaka, ya ɗaga murya yadda shago na tara zai ji.

"Na ce na yi kuskure. Mutumin nan mai gaskiya ne, ƙanensa kuma gwani ne."

Mai Jaka ya rufe fuska da hannu biyu. Da ya buɗe, dariya yake yi. Ya ce zai saya wa ƙanensa hula a hanya, kuma ba zai taɓa gaya masa dalili ba. Masu turare suka yo kansa, kowa na cewa dama shi tun jiya bai yarda ba. Amma kafin su karɓa, kowanne na son ya ji da hancinsa. Suka yi layi a gaban tabarma, manya da gemu, suna durƙusawa ɗaya bayan ɗaya a ƙafar Damtse. Tela ya tsaya yana tsara su, yana cewa a bi a hankali, kada a tsoratar da ƙwaurin. Matar Damtse ta tattara kwanoninta ta ce za ta tafi, don in ta ƙara minti biyar tana kallon wannan abu cikinta zai ƙulle.

Kafin kiran magariba layin ya watse. Mai Jaka ya tafi masauki da jaka mara nauyi. 'Yan'uwan biyu suka rage a shago. Damtse ya sauke wando, ya naɗe tabarma, ya jingina ta a bango. Murnar ta fara sauka daga jikinsa. An wanke Mai Jaka, amma shi ba a ce masa komai ba tukuna. Ya tsaya a gefen benci yana jira.

Hanci na kulle kwalbar a cikin kabad, ya ba shi baya.

"Ƙafarka ma ba ta ƙarya."

"To, Yaya."

"Gobe ka zo da wuri. Akwai mai biyu da na ajiye tun watan jiya."

Damtse ya zauna a bencin. Ya shafa katakon da tafin hannu. Wurin zamansa ya yi sulɓi, ya ɗan lotsa daidai jikinsa.

Hanci ya juyo, yana dafe da gwiwa. Ya nuna gwangwanin da haɓa.

"Wannan kuma ka jefar da shi a hanya. Kwana bakwai hannu ya wanke, mu koma yadda muke. Ba zan riƙa birgima a ƙasa kamar mai neman allura ba."

Damtse ya dubi gwangwanin. Ya tuna makonnin da yake daina shafawa, yadda yake kwana a zaune yana rungume da hannu. Ya tuna yau ya wuni yana aiki, kafaɗarsa ba ta shiga maganar kowa ba. Ya miƙa hannu ya ɗauka, ya sa a aljihu, ya danna.

"Ka ji abin da na ce, yaro?"

"Na ji, Yaya. Ba zan jefar ba."